Bindigar Katako ta Sojan Hirudus

Zuwa ga Dattijo Haruna, shugaban zumuntarmu ta Kirista 'yan Arewa mazauna Kuala Lumpur.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama Hannatu da yara. Ina kuma yi wa wayarka fatan samun sauƙi, don tun ranar Asabar ta kamu da wata irin cuta: ba ta iya ɗaukar kirana, amma tana da ƙarfin tura dogayen saƙonnin murya zuwa dandalin zumunta safe da yamma.

Ni ce Saratu, matar Ishaya, wanda kuke kira Baban Rahila. Na bi ƙa'idar da aka koya mana tun muna yara a coci. Na neme ka kai kaɗai, ba ka ɗauki waya ba. Na ɗauki Mama Asabe a matsayin shaida muka zo ginin da kake, mai gadi ya kira sama, muka ji muryarka da kunnuwanmu tana gaya masa ba ka nan. Abin da ya rage shi ne gaban jama'a, ga mu kuwa a gabansu.

Maganar ɗaya ce, kuma zan faɗe ta tun yanzu don kada ta ɓace cikin fushina. Ranar Alhamis da safe maigidana zai koma ofishin 'yan sanda. Jami'in da ke riƙe da maganarsa ya ce idan shugaban ƙungiya ya zo da kansa ya tabbatar cewa abin da aka kama shi da shi kayan wasan kwaikwayo ne, ya kuma faɗi wanda ya ƙera, zai duba yiwuwar a rufe maganar da jan kunne. Idan ba wanda ya zo, za a tura kotu. In kuwa aka je kotu, takardar zamansa ta ɗalibi tana cikin haɗari, mutumin da saura masa 'yan watanni ya kare digirinsa na uku. Ga yadda muka iso nan, don waɗanda suka ji labarin a gutsure.

Na ɗaya. Ranar da muka zauna tsara wasan Kirsimeti a zauren da muke haya a Pantai Dalam, kai ka kawo shawarar sojojin Hirudus su shigo da bindiga. Na ɗaga hannu na ce a zamanin Hirudus babu bindiga a duniya. Na shafe shekaru ina koyar da tarihi a sakandaren 'yan mata kafin in biyo maigidana nan, ina ganin ina da damar faɗin wannan kaɗai. Ka ce tun kana yaro sojojin Hirudus da bindiga suke shigowa cocinku, da hular kwano, da baƙin tabarau, kuma yaran zamani ba sa tsoron mashi. Ban musa maka ba cewa haka muke yi a gida. A namu cocin Hirudus da kansa yakan shigo da babbar riga da mai riƙe masa lema kamar ɗan kwangila, akwai ma shekarar da ya shigo a kan babur. Amma na ce nan ba gida ba ne. Ka yi murmushi ka ce mata su ji da shinkafa da fukafukan mala'iku, a bar wa maza harkar tsaro. Aka yi dariya. Na zauna na ci gaba da ɗinka fukafukai.

Na biyu. Kai ka ƙera ta. Da katako ne kawai aka fere aka ba yaro, da ban rubuta wannan wasiƙa ba. Amma kai injiniya ne, kuma ba ka so a manta. Ka samo katakon da ake ɗora kaya a kasuwar Chow Kit, da bututun ruwa, da madaurin jakar kwamfuta. Ka yi mata lanƙwasasshen gidan harsashi, ka fesa mata baƙin fenti har hawa biyu, ka goge gefuna da takardar yashi don ta yi kama da wadda ta sha aiki. Da bakinka ka ce mana ka yi mako kana nazarin hotuna. Ka ɗauki hoto da ita a kafaɗa ka sa a dandali. Na ga ka goge shi ranar Asabar da rana, sai dai kowa ya riga ya gani, Mama Asabe har ta rubuta amin a ƙarƙashinsa. Ban taɓa ganin ilimin boko ya yi wa ikilisiya ɓarna da irin wannan gwaninta ba.

Sannan ka zaɓi maigidana ya zama babban soja, don yana da tsayi da gemu. Ranka ya daɗe, ka san Baban Rahila. Mutumin da yake nazarin ƙasar noma, yake kwashe tana daga kan hanya in an yi ruwa don kada a taka ta. Tun da muka yi aure ni ke yanka kaza a gidanmu, shi yana ɗaki yana jira a ce an gama. Dukanmu a Wangsa Maju muke zaune, kuma kai kana da mota. Ranar gwajin ƙarshe ka ce bayan motarka ya cika da kujeru da lemon kwalba, shi ya taho da bindigar a jirgin ƙasa na cikin gari, LRT. Ka kuma ce ya sako kayan wasansa tun daga gida tunda babu wurin canza kaya a zaure: wandon soja na gwanjo da manyan takalma. Ni na fita tun da sassafe da tukwane. Da ina gida, da bai wuce bakin ƙofa ba.

Na uku. Bari in gaya maka yadda tafiyar ta kasance, tunda ba ka tambaya ba. Ya naɗe bindigarka a zanena na zumuntar mata, wanda ya fi kowanne kusa da hannunsa. Zanen ya rufe jiki, bakin bututu ya leƙo ta sama. Ya shiga jirgi ya tsaya. Ka tuna a gwajin baya ka yi masa faɗa cewa yana yawan murmushi, ba a ganin mugunta a fuskarsa. To, ya ɗauki gyaranka da gaske. Ya rufe ido, ya ɗaure fuska, yana maimaita maganarsa ƙasa-ƙasa. Da Turanci kuwa, tunda yaranmu na nan in ka yi musu Hausa da Turanci suke amsawa, muka mai da wasan Turanci. Maganar tasa kuma ita ce a fito masa da duk yara maza, kada a ɓoye ko ɗaya.

Ka ga dogon baƙo mai gemu, da wandon soja, da bakin bindiga a kafaɗa, ido a rufe, yana neman yara maza a cikin jirgi. Da ya buɗe ido ya ga kujeru sun zama fayau, jama'a duk sun koma can ƙarshen tarago. Ya gaya mini cewa a ransa ya yaba da ladabin mutanen ƙasar nan, har ya ɗan rusuna musu kafin ya zauna.

Kafin tashar da zai sauka, jami'ai suna jira a bakin ƙofa. Suka ce ya ajiye abin da ke hannunsa. Shi kuma, don ya sauƙaƙa musu aiki, sai ya fara kwance zanen ya nuna musu katako ne. A nan dariyata take tsayawa duk lokacin da nake ba da labarin. Akwai ƙasashe da yawa, har da tamu, inda wannan motsin hannun kaɗai ya isa in zama mai takaba. Waɗannan suka daka masa tsawa, ya saki, ta faɗi ƙasa, gidan harsashin ya ɓalle ya yi gefe. Ina gode wa Allah da gam ɗinka bai kai fentinka kyau ba. Wani jami'i ya ɗauka ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya girgiza kai ya ce tak boleh lah, wato ba a haka. Ba su zage shi ba, ba su taɓa lafiyarsa ba, har ruwa suka ba shi. Amma a ƙasar nan ko abin da ya yi kama da bindiga laifi ne a yi yawo da shi, kuma ba za su canza dokarsu don Kirsimetinmu ba.

Na huɗu. Ina zaure lokacin da labari ya zo, kai ma kana nan. Ka ajiye makirufo ka ce bari ka gyara fakin ɗin motarka. Ranka ya daɗe, yau Talata. Ban san irin wurin da ka ajiye motar nan ba.

Wanda ya zo ofishin 'yan sanda shi ne Malam Nasiru, maƙwabcinmu na bene na sama, mutumin Kano da ke karatun shari'a, yana jin yaren Malay. Ya bar abincinsa a faranti ya taho, ya zauna da maigidana har aka gama rubuce-rubuce, ya tsaya masa beli da sunansa da takardunsa, alhali shi ma baƙo ne mai takardar ɗalibi kamar kowa. Matarsa, Maman Hanifa, ta ɗauke mini Rahila, ta kuma yo mana tapau, wato ƙunshin abincin saye, daga shagon mamak na Musulmi 'yan asalin Indiya don ta san ba zan iya ɗora tukunya ba. A hanyar dawowa Malam Nasiru ya tambaye ni cikin ladabi, wai shi wannan sojan Hirudus, a wurinmu mutumin kirki ne ko mutumin banza. Na ce na banza ne, jarirai aka aike shi ya kashe. Ya ce to me ya sa muka ba shi kayan aiki masu kyau haka. Amsar wannan na bar maka.

Ka kuma sani cewa maigidana bai ambaci sunanka ba. An tambaye shi wanda ya ƙera, ya ce aikin zumunta ne. Jami'in ya dubi bindigar, ya dubi yadda Baban Rahila yake riƙe biro, ya ce wannan ba aikin hannunsa ba ne. Da muka dawo gida ya hana ni faɗa, ya ce ba a miƙa ɗan'uwa, a bar ka ka zo da ƙafarka. Yana nan yana jira. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai ya leƙa ta taga.

Na biyar. Saƙonnin muryarka. Na saurare su duka, ina wanke-wanke. Ka ce abin da ya sami ɗan'uwa Ishaya tsanani ne irin na zamanin manzanni. Ba tsanani ba ne. Manzanni saboda bishara aka kama su, shi saboda bututun ruwa. Daga nan ka zarce wa'azi: cewa riƙe makami haƙƙin kowane Kirista ne, cewa a Amurka har tsofaffin mata suna da ƙaramar bindiga a jaka kusa da man shafawa, cewa lokacin juya kumatu ya wuce, cewa da kana gida da kai ne a sahun gaba. A bayan muryarka ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da cokali yana bugun kofi. Ka kuma aika wa dattawa a gefe cewa takardar zamanka tana kan sabuntawa, don haka hikima ta ce ka yi nesa da ofishin 'yan sanda. Dattawa suna da mata, ranka ya daɗe.

Tunda ka buɗe maganar bindiga, bari in sa baki, ko da an ce harkar maza ce. Shekararmu ta farko a garin nan ina cefane a Chow Kit da rana tsaka, lokacin bikin sabuwar shekarar Sinawa, wani mai shago ya kunna jerin abin fashewar da suke wasa da shi. Ban san lokacin da na kwanta rub da ciki a cikin ruwan kifi ba, albasata tana gangarawa ƙarƙashin tebura. Wata dattijuwa mai sayar da tarwaɗa ta ɗago ni tana dariya tana share mini fuska da gefen mayafinta. Da ta gane tsoro ne na gaske, ta daina dariya, ta zaunar da ni a kujerarta. Ba a makaranta na koyi wannan kwanciyar ba. Na koye ta ne a ƙauyenmu, ranar da aka shigo mana aka harbe Kawu Bulus a bakin rumbunsa da kwandon dawa a hannu.

Tun daga lokacin ƙanena Markus ya shiga cikin masu gadin gari. Yana da bindiga ta gaske, ƙirar maƙera. Ba zan zauna a Kuala Lumpur, inda nake barci taga a buɗe, in ce masa ya jefar da ita ba. Amma ban taɓa jin Markus ya yi wa'azi a kanta ba. A rumbu yake ɓoye ta saboda yara. Ba ya hoto da ita. Ya gaya mini cewa wata rana da almuru ya ga mutum yana tahowa ta cikin dawa, ya saita, yatsansa na kan kunama, sai mutumin ya yi tari. Tarin ya gane: surukinsa ne ya dawo daga gona. Ya ce ya yi makonni bai iya zuwa teburin jibin Ubangiji ba, kuma addu'arsa kullum in zai fita ita ce ta dawo gida yadda ta fita, da sanyinta. Wanda ya san nauyinta ke nan. Ku da kuke ta kiran haƙƙi, haƙƙi, na lura yawancinku ba ku taɓa wanke jini daga tsakar gida ba.

Na shida, kuma a nan ba faɗa nake yi ba. Ni kaina ban gama warware maganar nan a zuciyata ba. Na karanta inda Ubangiji ya sa Bitrus ya mai da takobinsa kube, ya kuma gyara kunnen wanda ya zo kama shi. Na karanta inda sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai ce su bar aikin ba, ya dai hana su ƙwace da sharri. Nakan sa waɗannan biyu a gabana in tuna da Markus, in tuna da Kawu, in rasa ta cewa. Malaman da suka fi mu sani sun daɗe suna jayayya a kai. Abin da na gane shi ne, yawancinmu Allah ba zai taɓa tambayarmu me muka yi da bindiga ba, don bai ba mu ita ba. Abin da yake sa wa a gabanmu kullum ƙanana ne: a ɗauki waya ko a kife ta, a saurari wadda ta ɗaga hannu ko a mai da ita kan shinkafa, a ɗauki kayan da aka ƙera a motar kai ko a ɗora wa mai haƙuri. Kana shirye ka mutu a sahun gaba a Najeriya. Madalla. Ba wanda ya nemi ranka. Abin da ake nema ka hau mota ka je wani ofishi mai sanyi, ka zauna a kujera, ka ce ni na yi.

Saboda haka ga roƙona.

Ka zo ranar Alhamis da safe, da fasfo ɗinka, ka faɗi gaskiya yadda take. Malam Nasiru ya ce zai zauna kusa da kai ya yi maka tafinta, kuma a ganinsa wanda ya kawo kansa ya fi wanda aka je aka ɗauko samun sassauci. Ban ce babu abin da zai same ka ba, ban sani ba. Na dai san abin da zai sami maigidana in ba ka zo ba.

Ka dakatar da saƙonnin murya a kan makamai har sai an rufe wannan magana. Akwai ɗalibai a dandalin nan da iyayensu suke kwana a daji, ba nishaɗi ba ne a wurinsu.

Ka tsaya gaban zumunta ranar Lahadi ka janye kalmar tsanani, don akwai waɗanda ake tsananta wa da gaske, kada mu ɓata musu kalmar. In za a yi wasan bana, sojoji su riƙe sandar mofa, ta ishe su.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa a sabunta maka takardarka ba tare da matsala ba, ya albarkaci aikin hannunka ya kuma nuna maka inda za ka riƙa kai gwanintarka. Ya ba ka irin ƙarfin zuciyar da kake roƙa wa mutanen gida, ko da rubu'insa ne. Ya tsare Markus da abokan gadinsa, ya kawo ranar da za su mai da ƙarfen nan wurin maƙeri a yi musu fartanya. Ya saka wa Malam Nasiru da iyalinsa da alheri.

Maigidana ya hana ni faɗin sunanka a ofishin 'yan sanda, na kuma bi maganarsa, shi ya sa na rubuta wannan da Hausa, a tsakaninmu, inda jami'in ba zai iya karantawa ba. Na gaya wa Baban Rahila a fuskarsa cewa biyayyata a kan wannan magana ta ƙare ranar Alhamis da hantsi. In lokacin ya yi kujerarka tana nan babu kowa, ranka ya daɗe, na iya Turanci.

Wassalam.

Taka cikin Ubangiji,
Saratu Ishaya (Maman Rahila),
Wangsa Maju.